Sababbin dabarun shimfiɗa bututun ruwa da layukan lantarki a Jihar Gombe

Aikin shimfiɗa bututun ruwa da layukan lantarki reshe ne na gine-gine da ke kai ruwan famfo da wuta daga inda ake samar da su zuwa gidajen jama'a. A Jihar Gombe, wadda aka ƙirƙiro daga Jihar Bauchi a 1996, ɗaya daga cikin manyan tushen wannan aiki shi ne madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke kan Kogin Gongola a Ƙaramar Hukumar Yamaltu-Deba, domin daga nan ake tace ruwan da ake turawa garin Gombe, kuma a nan ne tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40 take. Kusan duk sababbin dabarun da suka shigo fannin manufarsu ɗaya ce, wato rage abin da ke salwanta a hanya kafin ya isa ga mai amfani.

Babban sauyin ya fi bayyana a nau'in bututu. Na da, na ƙarfe da na siminti mai asbestos, kan yi tsatsa ko su tsage idan ƙasa ta motsa, sannan kowace mahaɗa wurin yoyo ce. Yanzu an fi karkata ga baƙin bututun roba na HDPE mai shuɗin layi a jikinsa, wanda ba ya tsatsa, kuma yana lanƙwasa maimakon ya karye. Wajen haɗa shi, ma'aikata kan daidaita bakin bututu biyu a cikin na'ura, su kankare su, su manna musu faranti mai zafi har robar ta narke, sannan su zare farantin su matse su. Idan mahaɗar ta huce sai ta zama tamkar jiki guda. Wannan na da muhimmanci a garin Gombe, inda zaizayar ƙasa kan yaye bututu ta bar shi a rataye a bakin kwazazzabo bayan damina. Sai dai ingancin ya rataya ne a wuyan mai haɗawa, domin ƙura kaɗan a kan farantin ta isa ta ɓata mahaɗa, kuma ƙura ba baƙuwa ba ce a lokacin hunturu.

Akwai kuma haƙa ta ƙarƙashin ƙasa, inda injin kan huda rami a kwance ya ratsa ƙarƙashin titi, ya jawo bututu ko wayar intanet ba tare da an fasa kwalta ba. Dabarar na buƙatar taswirar kwamfuta mai nuna abin da aka riga aka binne, in ba haka ba mai shimfiɗa waya ya fasa bututun wani.

A ɓangaren wuta, kamfanin JED mai hedikwata a Jos ne ke rarraba lantarki a Gombe da Bauchi da Filato da Binuwai. Mitar kati, wadda shirin raba mitoci na Gwamnatin Tarayya na 2020 ya ƙara yaɗawa, tana maye gurbin kuɗin ƙiyasi da jama'a suka daɗe suna kuka da shi. A ƙauyukan da jan layi daga babbar hanyar wuta ke da tsada, akan kafa ƙaramar tashar sola mai batura, ko a ɗora faifan sola a kan burtsatse a huta da sayen man janareta. Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da ba da lasisi a cikin iyakokinsu.