Haɗin gwiwar ƙasashe maƙwabta kan lafiyar ƙwaƙwalwa: amsa ga masu yawan tambaya

Wai me ake nufi da haɗin gwiwar?

Horar da ma'aikata tare, haɗa kai wajen sayen magani, da amincewa da takardun asibitin juna. Taro a otal ba ya cikin lissafi.

Ƙasar da ba ta da isassun likitocin ƙwaƙwalwa fa?

An amsa wannan tun 2008, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP na cike giɓin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, littafin jagorarsa ya biyo baya a 2010. Ma'aikacin jinya a ƙaramin asibiti ake koya wa gane taɓin hankali, matsananciyar damuwa da farfaɗiya, ya fara ba da magani. Sai dai horon 'yan kwanaki ba tare da mai bibiyar aiki ba, ɓarnar kuɗi ne. Nan maƙwabta ke da rana: ƙwararre ɗaya daga ƙetaren iyaka zai iya bibiyar ma'aikata da dama ta waya kowane wata.

Majiyyaci zai tsallaka iyaka, ya za a yi da maganinsa?

To, ya danganta da maganin. Haloperidol (na taɓin hankali) da amitriptyline (na matsananciyar damuwa) ba sa cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan magungunan da ake sa wa ido, amma phenobarbital (na farfaɗiya) da diazepam (na kwantar da hankali) suna ciki, kuma kowace ƙasa da nata ƙa'idar adadin da matafiyi zai riƙe. A tambaya kafin tafiya, ba a gaban jami'in kwastan ba. Takardar da za a ba shi ta ƙunshi sunan ciwon, ainihin sunan maganin ba na kamfani ba, miligiram nawa, sau nawa a rana, da ranar allurar ƙarshe in yana karɓar mai daɗewa a jiki. In harshen aiki ya bambanta, a rubuta da harsunan biyu. Ko da haka, wataƙila a can babu irin maganin. Ma'aikacin lafiya ne zai sauya, a hankali. Don Allah a daina yanke phenobarbital farat ɗaya! Farfaɗiyar na iya dawowa babu ƙaƙƙautawa, har ta kai ga rasa rai.

Ana ma samun sauƙi kuwa?

Ƙwarai. Masu farfaɗiya kusan 70 cikin 100 kan daina faɗuwa in magani bai yanke ba. Ku kwantar da hankalinku.

A gina babban asibiti ɗaya na yanki mana?

A fara tabbatar da cewa akwai magani a kantar ƙaramin asibitin bakin iyaka tukuna.