Yadda Kwas Ya Koma Alawus: Waiwaye Kan Horar da Ma'aikatan Gwamnati

Tun da gwamnatin tarayyar Nijeriya ta dakatar da tafiyar jami'ai ƙasashen waje da kuɗin gwamnati na tsawon wata uku, daga 1 ga Afrilun 2024, maganar horar da ma'aikata ta ƙi kwanciya. A shirye-shiryen rediyo na kiran waya da shafukan Facebook mutane sun rabu gida biyu. Wasu na cewa kwas da bita duk yawon shan iska ne da kuɗin talaka, a soke su kowa ya huta. Wasu kuma na kukan cewa ma'aikacin yau ko wasiƙa mai layi goma ba ya iya rubutawa sai an gyara masa, saboda haka horon ma ƙara shi ya kamata a yi. Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne kowa na magana kamar jiya abin ya lalace.

Na daɗe a sashen kula da ma'aikata, a teburin da ake tsara wanda zai tafi kwas. Wata rana ina haɗa sunaye sai wani dattijon ma'aikaci ya shigo, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ya cire takalmi a bakin ƙofa. Bayan mun gaisa ya ce, “Yallaɓai, bana dai a taimaka a sa ni, bikin 'yarka ya matso.” Na ce, “Baba, ka san a kan me za a yi kwas ɗin?” Ya yi murmushi ya ce, “Ko ma a kan mene ne.” Ban ga laifinsa ba a ranar, yau ma ban gani ba. Amma tun daga lokacin nake bin diddigin yadda aka yi kalmar kwas ta tashi daga ma'anar koyo ta koma ma'anar kuɗin kwana.

Farkon labarin sananne ne. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Kongo, Zariya. A 1954 ta zama cibiyar koyar da aikin mulki, a 1962 kuma ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. A nan aka riƙa gyara ma'aikatan En'e da matasan da za su gaji kujerun Turawa a zamanin da Jihar Arewa ke gaggawar cike guraben aikinta da 'ya'yanta. Wanda ya je Kongo a lokacin ya san kujerar da ke jiransa idan ya dawo. A matakin tarayya an yi nazarin bukatun horo a 1967, gwamnati ta fitar da manufarta a 1969, sannan cibiyoyi suka biyo baya: asusun horar da ma'aikatan masana'antu (ITF) a 1971, kwalejin horar da jami'an mulki (ASCON) da ke Topo a Badagry a 1973, cibiyar nazarin manufofi da tsare-tsare ta Kuru kusa da Jos a 1979. Ga kuma makarantun horar da ƙananan ma'aikata na tarayya a Legas, Kaduna, Ilorin, Inugu, Kalaba da Maiduguri. Kwamitin Udoji na gyaran aikin gwamnati da ya miƙa rahotonsa a 1974 ya yi dogon bayani a kan horo da auna aiki da sakamako, amma abin da jama'a suka riƙe shi ne ariyas, har sunan ya zama sunan kuɗi. Sai korar 1975, wadda ta raba ma'aikata sama da 10,000 da aikinsu. Duk mai magana a kan lalacewar aikin gwamnati a nan yake yada zango, kuma yana da hujja, domin daga ranar ma'aikaci ya daina ɗaukar kujerarsa a matsayin abin da zai tsufa a kai.

Sai dai korar 1975 tsoro ta shuka. Ba ta bayyana mana yadda aka yi horo ya zama abin rabo ba. Wannan sai an gangaro 1988, shekarar da ba a cika ambata ba.

A shekarar aka kafa dokar soja mai lamba 43 ta gyaran aikin gwamnati. Wanda ya karanta ta da zuciya ɗaya zai ga niyyar kirki a cikinta. Kafin ita, jami'an mulki a tukunya ɗaya suke, ana ɗauko mutum daga ma'aikatar gona a kai shi ta lafiya, bayan shekara biyu a mai da shi ta ayyuka. Masu sukar wannan tsari suna cewa yana haifar da mutumin da ya san komai kaɗan-kaɗan, bai ƙware a komai ba. Dokar ta ce kowa ya zauna a ma'aikatarsa ya ƙware a fanninsa har ritaya. Ta mai da minista shugaban ma'aikatarsa kuma mai alhakin kuɗinta. Muƙamin babban sakatare ya koma babban darakta, wanda zai sauka tare da gwamnatin da ta naɗa shi. An soke kujerar shugaban ma'aikata na ƙasa. Kowace ma'aikata aka ce ta kafa sassa uku na dole: na kula da ma'aikata, na kuɗi da kayan aiki, da na tsare-tsare da bincike da ƙididdiga. Kuma aka tanadi a ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin albashin shekara domin horo. A takarda, ba a taɓa ɗaga darajar horo kamar haka ba.

To amma a wane yanayi dokar ta sauka? Shekara biyu kafin nan, a 1986, aka shiga tsarin gyaran tattalin arziki na SAP. A 1985 naira ta fi dala daraja a farashin gwamnati. Zuwa 1987 dala ɗaya ta kai wajen naira 4, zuwa 1993 ta kai wajen naira 22. Albashi bai bi wannan gudu ba. Ma'aikacin da a da yake karɓar rancen mota ya biya a hankali ya koma lissafin kwanon masara. A daidai wannan lokaci ne aka raba tukunyar horo, aka miƙa wa kowace ma'aikata nata kason, aka ce ta zaɓi mutanenta da kanta.

Ka auna abin daga inda ma'aikaci yake tsaye. Albashi ƙayyadadde ne, kowa ya san matakinsa. Ƙarin girma sai an shekara uku ko huɗu, kuma sai da gurbi. Kuɗi ɗaya tilo da zai iya shigowa aljihunsa ta halastacciyar hanya, a dunƙule, ba tare da ya ci amanar kowa ba, shi ne na tafiya: kuɗin mota, kuɗin kwana, in kuma Allah ya kai damo ga harawa aka ce ƙasar waje ce, to guzurin da dala ake lissafa shi. Kowace faɗuwar naira tana rage nauyin albashi, tana ƙara nauyin wannan guzuri. Mako biyu a waje kan iya zarce abin da mutum zai tara a watanni masu yawa. Da zarar abu ya zama haka, tambayar “wa ke bukatar wannan ilimi?” ba ta da ƙarfin ture tambayar “layin wa ya zo?” Shugaban sashe mai tausayi ma, wanda ba ya cin ko kwabo, sai ya ga adalci shi ne a zagaya da shi kowa ya ɗanɗana. Ta haka mai kula da sito ya je kwas ɗin tsara kasafi, mai tsara kasafi ya je na hulɗa da jama'a, kowa ya dawo da takardar shaida da jaka.

Akwai wani rashin da ba ya fitowa a kasafin kuɗi, kuma a ganina ya fi na farko ciwo. Tsohon tsarin zagayawa, duk da aibinsa, makaranta ce. Matashin jami'i yakan faro daga ɗakin fayil, ya san yadda ake buɗe fayil da yadda ake lambanta shafi. Yakan rubuta bayaninsa a ciki, fayil ya hau sama, ya dawo da jan biro: nan ka tsawaita, nan ba ka kawo dokar da ka dogara da ita ba, je ka duba abin da aka yanke a kan irin wannan a baya. Bayan shekara biyu a kai shi ƙarƙashin wani maigidan mai irin nasa jan biron. Kwas na Kongo ko na Badagry ƙari ne a kan wannan, kamar gishiri a miya. Da aka tsayar da zagayawa, aka kuma ɗaure zaman na sama da zaman gwamnatin da ta naɗa shi, sai mai jan biro ya rasa dalilin ɓata dare yana gyara rubutun yaron da ba lallai ya ga girmansa ba. Koyarwar cikin ofis ta yi sanyi ba tare da wani ya ba da umarnin a daina ta ba.

Sassan kula da ma'aikata da aka kafa a ko'ina su ma sun zo da nasu. An buɗe kujeru da yawa a lokaci guda, alhali waɗanda suka karanci aikin ba su kai yawan kujerun ba. Teburin horaswa yakan faɗa hannun wanda aka rasa inda za a kai shi. Na gaji irin wannan tebur, na kuma tarar da abin da ke cikin durowarsa: takardun gayyata daga masu shirya bita, jerin sunaye, da rasit. Babu takarda ko ɗaya da ke nuna wane sashe ne ke da rauni a me. Wanda na gada mutumin kirki ne, aikin da aka nuna masa ke nan.

A jihohi abin ya haɗu da wani. Ma'aikatan tsohuwar Jihar Arewa an riga an raba su gida shida bayan 1967, aka sake rabawa a 1976. A 1987 jihohi suka zama 21, a 1991 suka zama 30, a 1996 suka kai 36. Kowace sabuwar jiha tana bukatar manyan sakatarori da daraktoci nan take. Mutumin da ya rage masa shekara takwas yana koyo a ƙarƙashin wani sai ya wayi gari shi ne na sama, na ƙasa da shi kuma suna jiran ya koya musu abin da shi ma bai gama koya ba.

Kwamitin Ayida da gwamnati ta kafa ya sake duba lamarin, aka soke dokar a 1995. Babban sakatare ya dawo da sunansa, kujerar shugaban ma'aikata ta dawo, zagayawa ma ta dawo. Abin da dokar ta rubuta an goge shi cikin sauƙi. Ɗabi'ar da aka koya a shekaru bakwai na yunwa ita ce ta zauna, kuma kasuwa ta riga ta tsiro a kanta. Masu shirya bita sun gane cewa abin da ke jawo mahalarta shi ne nisan gari da yawan kwana, tunda da su ake lissafa alawus. Shi ya sa ma'aikata da ke zaune a gari ɗaya, ofis ɗaya, za su kwashi jiki su tafi otal a wata jiha domin sauraren mutumin da shi ma daga garinsu ya taso.

Abubuwan da suka biyo baya an san su. A 2003 aka mai da gida da mota da sauran alfarmomi kuɗi a cikin albashi. A 2007 aka fara biyan albashi ta tsarin kwamfuta na bai ɗaya (IPPIS). An kafa cibiyar horar da ma'aikata a Abuja, ana ta ƙoƙarin sauya tsohon fom ɗin auna ƙwazo na shekara-shekara, wanda kusan kowa ke samun “ya yi ƙoƙari sosai” a cikinsa, da sabon tsari mai duba abin da mutum ya aiwatar. Jarrabawar ƙarin girma ta koma kwamfuta. A Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000, a shekarar da dala ta haura naira 1,500. Wato tazarar da ta mai da kwas alawus a ƙarshen shekarun 1980 tana nan. Lokacin annobar korona a 2020 an gwada bita ta intanet, kuma a teburina na ga yadda masu roƙon a sa sunansu suka ragu, tunda babu mota babu kwana. Waɗanda suka shiga kuwa, 'yan kaɗan ne, amma tambayoyinsu sun fi na kowane zauren otal da na taɓa zama.

Saboda haka idan na ji masu cewa a soke kwas gaba ɗaya, nakan tuna cewa a wurin ma'aikaci da yawa wannan yanke wani ɓangaren abincinsa ne, kuma zai nemi madadinsa a wata ƙofar da ta fi muni. Masu cewa a ƙara kuɗin horo su ma ba su tambayi inda kashi 10 na 1988 ya shige ba. Na taɓa gwada wani abu ƙarami a sashenmu: duk wanda ya dawo daga kwas ya tsaya rabin awa ranar Alhamis ya faɗa wa abokan aikinsa abin da ya koyo. Mako uku aka yi ana zuwa. A na huɗu mai bayanin ya ce yana da uzuri, a na biyar ɗakin taron aka ba wasu.

Shi kuwa Baba, na sa sunansa. Kwana biyar ne a wata jiha maƙwabciya, a kan adana bayanai a kwamfuta, shi da babu kwamfuta a ofishinsa. Da ya dawo ya kawo mini takardar shaidar in sa a fayil ɗinsa, tare da goro da katin biki. Na tambaye shi yadda aka yi, ya ce malamin ya iya bayani ƙwarai, sai dai an ɗauke wuta tun rana ta biyu. Wata takwas bayan haka ya yi ritaya.