Raunin ƙwaƙwalwa da hukuncin kisa a Amurka

An daɗe ana cewa a Amurka, da zarar an tabbatar wanda ya yi kisan kai yana da raunin ƙwaƙwalwa, sai a sallame shi. Ba haka abin yake ba.

A 2002 kotun ƙolin ƙasar ta ce kashe irinsa ya saɓa wa gyara na 8 na tsarin mulki, wanda ya haramta mugun horo. Hukuncin kisa kaɗai aka ɗauke masa, ɗaurin rai-da-rai yana nan daram. Kuma ba da fatar baki ake tabbatarwa ba: ana duba makin gwajin basira, wajen 70, da yadda yake iya kula da kansa, da ko tun yarinta ne.

Hukuncin kotun yana intanet kyauta, a nemo shi a karanta. Don Allah a tura wa wasu.