An san maganin gudawar yara tun 2004, me ya hana shi isowa ɗakunanmu?

Wata Talata na shiga wani gida a bayan kasuwar Mile 12 a Legas, na tarar da uwa rungume da ɗanta ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni. Kwana biyu ke nan yana gudawa, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. Na ce, "'Yar'uwa, me kika ba shi?" Ta kwance bakin leda ta nuna mini filajil da wani sirof da mai kemis ya haɗa mata. Babu ORS, wato garin gishiri da sukari da ake haɗawa da ruwa, babu ƙwayar zinc.

Abin ya tsaya mini a rai. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa ba yaro mai gudawa ruwan ORS tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Masu bincike sun gama nasu. Saura aikin kai abin hannun uwa, kuma wannan ma ilimi ne mai zaman kansa. A 2015 wasu masana a Amurka sun tattara dabaru 73 na shigar da sakamakon bincike cikin aikin lafiya na yau da kullum, sannan aka kasa su gida 9: akwai na horar da ma'aikata, akwai na jawo masu jinya da iyalansu, akwai na kuɗi, akwai na duba aiki a gaya wa ma'aikaci inda ya yi daidai da inda ya kauce.

Amfanin wannan rarrabewa a wurina shi ne kowace ƙwarya da abokiyar ɓurminta. Sai ka gano inda aikin ya cije kafin ka zaɓi dabara. Mu ma'aikatan lafiya muna da halin komai ya taso mu kira taron wayar da kai, alhali wani lokacin kan a waye yake, wani abu daban ne ya tare hanya.

Wannan uwar ta san ORS sarai. Ta ce, "Malama, an ce a zuba a lita ɗaya, ni ina na san lita?" Takardar jikin maganin da Turanci take, a asibiti kuma da Yarbanci ko Turanci aka yi mata bayani. Na aika yarinya ta sayo fiya wata leda biyu, kowace rabin lita ce, muka juye a kwano mai murfi, muka zuba ƙunshi ɗaya, ta riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan tana ci gaba da shayarwa. Matsalarta ta harshe ce da ma'auni, kuma leda biyu ta warware ta.

A maƙwabta kuwa maigida ne ke riƙe da kuɗi, yana kasuwar tumatir tun asuba, sai ya dawo ake sayen magani. Nan maganar ta maza ce, shi ya sa muke bi ta wurin liman da fadar Sarkin Hausawa. Mai kemis shi ma sai an zauna da shi, domin shi ake fara zuwa wa kafin asibiti. In kuma zinc ɗin ne ya yanke a ƙaramin asibiti, ko shekara za a yi ana wa'azi ba zai sauko daga sama ba. Wannan na masu odar kaya ne.

Iyaye, ku ajiye ORS da zinc a gida tun kafin damina ta kankama. Yaron da ya kai wata 6 ana ba shi zinc miligiram 20 a rana, wanda bai kai ba rabin haka, kuma a ƙarasa kwanakin ko da gudawar ta tsaya. Ruwan da aka haɗa, in ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Da zarar kun ga jini a kashi, ko yaro ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko jikinsa ya saki, a ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, ko da maigida bai dawo ba.