Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya

A Saudiyya, laifin safarar ƙwaya yana ƙarƙashin ta'aziri ne, wato hukuncin da aka bar wa shugaba ya yanke gwargwadon maslaha. A 1987 Majalisar Manyan Malaman ƙasar ta amince da kisa ga mai shigo da ƙwaya ta ɓarauniyar hanya. Dokar da ake aiki da ita yanzu ta fito a 2005 (1426 Hijiriyya), ita ce ta fayyace hukuncin kowane laifi.

Sashe na 37 ya tanadi kisa ga wanda ya yi fasa-ƙwaurinta ko ya karɓa daga hannun ɗan fasa-ƙwauri. Kotu na iya sassautawa, amma sassaucin nan ɗaurin shekara 15 ne mafi ƙaranci, da tarar da ba ta gaza riyal 100,000 ba. In kuwa mai laifin yana ɗauke da makami har ya yi amfani da shi, ko ma'aikacin gwamnati ne, ko ɗan wani gungun masu laifi, to ko ya tsira da ransa ɗaurin da doka ta tanada masa shekara 25 ne mafi ƙaranci. Wanda aka kama da ita don sayarwa, shekara 5 zuwa 15. Mai sha kawai, wata 6 zuwa shekara 2. Baƙo in ya gama wa'adinsa sai tarhil, kamar yadda Hausawan Makka da Jidda ke kiran tasa ƙeya zuwa gida. An dakatar da kisa kan ƙwaya na wani lokaci, aka ci gaba a Nuwamban 2022.

Inda dokar ta fi cizon Hausawa shi ne filin jirgi. "Don Allah riƙe mini wannan saƙon, ɗana zai karɓa a Madina," magana ce da maniyyaci ke jin kunyar ƙi, alhali jami'in kwastan bai san kara ba: sunan da ke jikin jaka shi yake bi. A ƙarshen 2018 an tsare wata ɗaliba daga Kano a Madina bayan an samu tiramadol a jakar da aka maƙala wa sunanta. Binciken NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijeriya, ya gano wasu ma'aikatan filin jirgin Kano ne suka yi aika-aikar, amma sai da ta shafe wata huɗu a tsare kafin a sake ta a Afrilun 2019.