Makarin Rana na Waje a Manyan Motocin Dakon Kaya

Makarin rana na waje wani faffaɗan allo ne da ake ɗaurawa a goshin babbar mota, daidai saman gilashin gaba, don ya tare hasken rana kafin ya kai idon direba. Ba shi ne ɗan makarin cikin mota da ake saukewa da hannu ba. Wasu motocin da shi suke fitowa daga masana'anta, wasu kuwa sai daga baya ake sa musu, ko don na asali ya fashe, ko don mai mota yana son wanda ya fi saukowa. Irin waɗannan na bayan saye kamfanoni dabam ne ke ƙera su, kuma kowanne ana yin sa ne daidai da goshin wani samfurin mota. Na Volvo FH ba ya hawa Scania, hatta a mota iri ɗaya ma na mai dogon rufi daban yake da na mai gajeren rufi.

Ire-irensa

A Turai, inda motoci irin su Scania, DAF XF, MAN TGX da Mercedes Actros suke da shafaffiyar fuska, an fi amfani da robar akirilik mai duhun hayaƙi. Tana rage ƙarfin haske, amma direba na iya hango fitilar ba da hannu ta cikinta. A Amurka da Kanada kuwa, masu dogon hanci irin su Peterbilt 379 da 389 da Kenworth W900 sun fi shahara da na ƙarfe mara tsatsa mai sheƙi, wanda yakan sauko inci 10 zuwa 14 ko fiye, kuma rabin dalilin sa shi ado ne. Akwai kuma na fayiba da na robar ABS, waɗanda ake fentinsu da launin motar.

Ƙarfe mara tsatsa ma suna ya tara. Lamba 304 yana ɗauke da kiromiyam kusan kashi 18 cikin ɗari da nikel kusan kashi 8, shi ya sa yake jure gishiri da danshi. Lamba 430 ba shi da nikel, ya fi araha, amma a hanyoyin da ake zuba gishiri lokacin ƙanƙara yakan yi ɗigo-ɗigon tsatsa. Maganaɗisu na manne wa 430 sosai, ba ya kama 304 sai kaɗan. Kaurin da aka saba gani milimita 1.5 ne zuwa kusan 2. Wanda bai kai haka ba yakan yi rawa a iska kamar faifai.

Ɗaurawa

Aikin mutum biyu ne, don allon ya kan kai mita biyu a faɗi. Ana fara duba ko rufin motar yana da ramukan da masana'anta ta tanada, waɗanda sau da yawa an toshe su da roba. In akwai, aiki ya zo da sauƙi. In babu, sai a ɗora makarin a inda zai zauna, a auna tsakiyarsa da tsakiyar gilashi, direba ya shiga ya zauna a kujerarsa ya tabbatar yana ganin hanya da fitilun sama, sannan a yi alama. Kafin a huda, a leƙa bayan silin ɗin ciki, domin wayoyin fitilun rufi da na eriya ta nan suke bi.

Kowane rami da aka huda sai an goge bakinsa, an shafa masa fenti, sannan a sa gam mai hana ruwa kafin a zura ƙusa. Gam ɗin silikon mai warin tsami yana cin ƙarfe, na foliyuritan ko na butil ya fi dacewa. Ana kama dukkan ƙusoshi sako-sako tukuna, a daidaita allon, sannan a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe.

A na akirilik, ɗaurin ƙarfi shi ne ajalinsa. Robar tana miƙewa kusan milimita 0.07 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, wato allo mai mita biyu zai iya ƙara milimita 5 zuwa 6 tsakanin sanyin asuba da zafin azahar in bambancinsu ya kai digiri 40. Don haka ramin ƙusa ya ɗan fi ƙusar faɗi, a sa wosha ta roba sama da ƙasa, a tsaya da zarar woshar ta fara lotsewa. Ruwan nan da ake ɗiga wa ƙusa don kada ta kwance yana tsattsaga akirilik da ABS. Noti mai zoben nailan shi ne madadinsa.

Inda ake samun matsala

Tsagewa kusan kullum daga bakin rami take farawa, ko daga gindin ƙarfen da ke riƙe da allon, saboda girgiza da bugun iska. Idan aka ga tsaga ta fara, huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshenta yana tsayar da ita na ɗan lokaci. Yoyon ruwa kuwa ba ya nuna kansa a inda ya shiga: sai a ga silin ya jiƙe can gefe, ko rediyo ya fara ɗaukewa. A motocin da jikinsu na alminiyam ne, kamar yawancin Peterbilt da Kenworth, haɗuwar alminiyam da ƙarfe mara tsatsa cikin danshi tana cinye alminiyam ɗin, sai farin gari ya fito kewaye da ƙusa, fenti ya kumbura. Siririyar roba tsakaninsu tana hana hakan.

Sababbin motoci suna da kyamara a saman gilashi, mai lura da layin hanya da taimaka wa birkin gaggawa. Makari mai saukowa da yawa yana iya rufe mata ido, kuma wannan ya fi kowace tsatsa haɗari. A motocin Turai akwai kuma madubin gaba da ke rataye a wurin, dole a bar masa fili. Allon da bai bi siffar goshin mota ba yana kawo fito a babban gudu, yana kuma ƙara jan iska da shan mai.

Fitilu da doka

Yawancin makaran suna zuwa da ramukan ƙananan fitilu. Motocin Amurka volt 12 suke amfani da shi, na Turai volt 24, kuma fitilar 12 da aka jona a 24 nan take za ta ƙone sai in an yi ta don duka biyun. A dokar Amurka, motar da faɗinta ya kai inci 80 dole ta sami fitilu uku masu launin ruwan goro a tsakiyar goshi da biyu a gefe. In makari ya rufe su, sai a mayar da su kansa. A ƙa'idar Turai, fitilun nuna faɗi na gaba farare ne, kuma wajibi ne ga motar da ta wuce mita 2.1.

Wajen wanki, ruwa da sabulu da lallausan ƙyalle sun wadatar. Fetur, tina da ruwan goge gilashi mai amoniya suna dusashe akirilik. Bayan makon farko a hanya a sake bin ƙusoshin da sifana, don woshar roba takan zauna, ɗauri ya saki.