Amosanin rumatoid ba sanyi ba ne, ba kuma tsufa ba

An daɗe ana ɗora kumburin gaɓoɓi a kan sanyi ko shekaru. A amosanin rumatoid ba haka abin yake ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa gaɓar mai ita, shi ya sa yake kama 'yar shekara 30, kuma mata sun ninka maza sau 2 zuwa 3.

Ɓarnar na farawa daga siririyar fatar da ta lulluɓe cikin gaɓa. Sai ta kumbura, ta yi kauri, ta shiga cin guringuntsi da gefen ƙashi. Ginshiƙin guringuntsi furotin ne da ake kira kolajin nau'i na 2, kuma jinin wasu marasa lafiya na ɗauke da sinadaran kariya masu manne masa, su janyo ƙwayoyin kumburi. A 1977 aka nuna cewa allurar wannan kolajin na haddasa amosani a jikin ɓeraye. Amma ba a jinin yawancin masu cutar ake samun sinadaran ba, don haka likita ya fi dogara da gwaje-gwajen jini na anti-CCP da RF, masu neman wasu sinadaran kariya na daban.

A lura da yatsu da wuyan hannu: suna kumbura dama da hagu tare, su sage da safe fiye da minti 30, har ɓalle maɓallin riga ya gagara. Gasa gaɓa da ruwan ɗumi na rage zafi, amma guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa. Maganin farko yawanci methotrexate ne, sau ɗaya a mako. Shan sa kullum bisa kuskure na iya kisa.